Ku je ku ƙirga, Malam

To, wai yanzu Alan Krueger, masanin tattalin arzikin nan na Amurka, shi ne ya zama ɗan amshin shatan 'yan siyasa? Wanda ya rubuta haka jiya ya san kansa, kuma har da masu tafa masa a ƙasa. Hujjarsa guda ce tal: mutumin ya shugabanci majalisar masu ba Obama shawara kan tattalin arziki daga 2011 zuwa 2013, saboda haka duk bincikensa ya tashi a tutar babu. Sannu da ƙoƙari, farfesan wayar hannu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Krueger ƙirgawa ya yi. A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Manyan masana suka ce ai kowa ya sani, ayyuka za su zube. Shi da abokin bincikensa David Card suka sa aka yi ta buga waya gidajen abinci 410, irin su Burger King da KFC, kafin ƙarin da bayansa: ma'aikata nawa kuke da su, nawa kuke biya? Ba su ga ayyukan sun ragu ba. Obama a lokacin ko sanata bai zama ba.

Eh, na sani, wasu masanan tattalin arziki biyu, Neumark da Wascher, sun ƙalubalance su. Madalla, su ma da alƙaluma suka zo, aka kuma ba su amsa da alƙaluma. Kai da me ka zo?

Da ɗan koren wani ne, da bai fito bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ya ce talauci da rashin karatu ba su ne ke haifar da ɗan ta'adda ba, alhali shugabanni na ta rera akasin haka. Nan ma bayanai ya duba, ya faɗi abin da ya gani.

Wallahi abin da tausayi. Krueger ya rasu a 2019, aka ba Card kyautar Nobel a 2021 saboda irin wannan binciken, kuma ba a ba mamaci.

Ni dai binciken tagwayensa ya fi burge ni. Don gano yadda karatu ke shafar albashi, shi da wani masanin, Orley Ashenfelter, sun tafi bikin tagwaye na garin Twinsburg a Ohio, suna tambayar kowane ɗaya shekarun karatunsa da albashinsa, sannan su tambayi ɗan'uwansa a keɓe don kama mai ƙari. Wa ma ya fara tunanin shirya wa tagwaye biki?