Jami'ar Idaho ta sauko da ƙafarta, kuma ina ganin ta yi daidai

A arewa maso yammacin Amurka akwai wasu garuruwa biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 13 ba. Ɗaya Pullman ne a jihar Washington, ɗayan kuma Mosko a jihar Idaho (ba Moskon Rasha ba, wannan ƙaramin gari ne mai mutane wajen 25,000). Titin da ya haɗa su ya ratsa gonakin alkama ne a kan tuddai masu hawa da sauka, yankin da ake kira Palouse. Kowane gari da jami'arsa, Washington State a Pullman, Idaho a Mosko, kowace jami'a da ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, wannan da ake ɗauka a hannu ana bangaje juna kamar zari-ruga. Dukansu biyu guguwar sauya rukunin gasa ta yi awon gaba da rufinsu, sai dai ta riga zuwa gidan Idaho da shekaru bakwai.

Mai kallon ƙwallon Turai zai yi mamakin tsarin. Mu abin da muka sani shi ne, idan ƙungiya ta kasa taɓuka abin kirki ta faɗa gasar ƙasa, idan ta farfaɗo ta dawo. Ko Kano Pillars ta ɗanɗana wannan a 2022, ta kuma dawo bayan shekara guda. A wasannin jami'o'in Amurka babu faɗuwa babu hawa ta hanyar cin wasa. Jami'o'i ne ke haɗa kansu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsa, a raba kuɗin. Wanda za a gayyata da wanda za a kora, shugabannin jami'o'i ne ke zama a ɗaki su yanke. Tambayar da suke yi guda ɗaya ce: idan muka ɗauko ki, gidaje nawa za su kunna talabijin?

Ba haka abin yake ba tun asali. Kafin 1984 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke riƙe da cinikin talabijin na ƙwallon jami'o'i gaba ɗaya. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya, kowa ya samu damar sayar da hajarsa. Daga nan aka buɗe kasuwar da har yau ba ta tashi ba.

Idaho tsohuwar 'yar gari ce a wannan wahalar. Daga 1922 zuwa 1959 tana rukuni ɗaya da manya irin su USC da UCLA da Stanford. Da rukunin ya watse, manyan suka sake haɗa kansu ba tare da ita ba. Ta kasance cikin waɗanda suka kafa rukunin Big Sky a 1963, ta zauna tare da maƙwabtanta irin su Montana da Idaho State, ta kuma yi ƙarfi a can. Sai kwaɗayin hawa ya kama ta. A 1996 ta haura babban mataki, wanda yau ake kira FBS, tare da abokiyar hamayyarta Boise State. Boise State tana babban birnin jiha, ta yi ta cin wasa, ta yi suna a duk faɗin ƙasar. Idaho kuwa ta koma 'yar gudun hijira. Rukunin da ta shiga, Big West, ya daina ƙwallo bayan kakar 2000, ta koma rukunin Sun Belt. Ta koma rukunin WAC a 2005, shi ma manyan rukunai suka yashe shi har ya daina ƙwallo bayan 2012. Ta yi 2013 ba ta da rukuni. Ta sake komawa Sun Belt a 2014, a matsayin baƙuwar da aka ba tabarma a zaure, ƙwallo kawai, sauran wasanninta suna wani wuri.

A tsaya a dubi abin da wannan ke nufi ga ɗalibi mai shekara 19. Yawancin jami'o'in Sun Belt suna kudu maso gabashin Amurka ne, su Georgia da Alabama da Louisiana da Carolina ta Arewa. Daga Mosko zuwa Statesboro, inda Georgia Southern take, ya haura kilomita 3,000, wato kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau uku don wasan awa uku. A tashi ranar Juma'a, a buga Asabar, a iso gida da tsakar dare, Litinin da safe kuma malami yana jiran aikin gida. Magoya baya ba za su bi ka ba. Abokan hamayyar ma ba wanda ya san su a gari, babu tsohuwar gaba, babu tsokana a kanti ranar Litinin. Filin Idaho kuwa, Kibbie Dome, rufaffen gini ne mai kama da rabin ganga da aka kifa, yana ɗaukar mutane wajen 16,000, a lokacin yana cikin mafi ƙanƙanta a matakin FBS.

Don cike giɓin kasafi, irin waɗannan ƙungiyoyi kan sayar da jikinsu. Babbar jami'a ta biya su maƙudan daloli su zo gidanta a yi musu duka a gaban jama'arta. A Nuwamban 2013 Florida State ta lallasa Idaho da ci 80 da 14. A 2012 da 2013 da 2014, wasa ɗai-ɗai Idaho ta ci a kowace kaka. Wannan shi ne martabar da ake cewa kada a bari ta suɓuce.

A Maris na 2016 Sun Belt ya sanar cewa bayan kakar 2017 ya sallami Idaho da New Mexico State. A Afrilu shugaban jami'ar na lokacin, Chuck Staben, ya ce za su sauka zuwa matakin FCS, wanda ke ƙasa da FBS, su koma Big Sky daga 2018. Babu jami'ar da ta taɓa yin irin wannan saukar da kanta tun da aka sa wa matakan waɗannan sunaye. Tsofaffin ɗalibai suka yi masa ca. Sai ƙaddara ta ƙara gishiri: a wannan kakar ta 2016 ƙungiyar ta ci wasa 9, ta je Boise a Disamba cikin tsananin sanyi ta doke Colorado State 61 da 50 a wasan kofi. Ɗan wasan da ke jagorantar hari, Matt Linehan, ya fito a bainar jama'a ya caccaki shugaban jami'ar kan matakin, daga baya ya nemi afuwa. Ba na ganin laifin yaron. Wanda ya gama zubar da gumi aka ce masa gidanku zai koma baya, dole ransa ya ɓaci. Amma kaka ɗaya mai daɗi ba ta gyara taswira, ba ta kuma ƙara yawan mutanen Mosko.

Masu adawa da saukar suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. A wancan lokaci FBS na ba da guraben tallafin karatu 85, FCS kuwa 63, wato yara 22 za su rasa damar karatu kyauta. Kuɗin da ake biyan ƙungiya don ta je a doke ta yana raguwa idan ta sauka. Sannan New Mexico State, wadda aka kora tare da Idaho, ta cije ta zauna ba rukuni har Conference USA ya ɗauke ta a 2023, ta kuma ci wasa 10 a wannan shekarar. Don haka akwai wanda ya yi haƙuri ya ga riba. Sai dai New Mexico State tana dab da El Paso, kusa da Texas, inda wani rukuni zai iya buƙatarta wata rana. Idaho babu wanda hanyarsa ta bi ta ƙofarta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Saukar ma ba ta zo da sauƙi ba. Kaka huɗu a jere Idaho ta fi shan kashi a kan cin wasa a Big Sky, har aka sallami koci Paul Petrino a 2021. Da Jason Eck ya karɓa abubuwa suka canza. A 2022 suka je Missoula suka doke Montana, suka ɗauko ƙaramin kofin katakon da jami'o'in biyu suka daɗe suna takara a kai. Shekara uku a jere suka shiga gasar share fagen cin kofin ƙasa na FCS, sau biyu suna kai wa zagayen ƙungiyoyi takwas. A 2023 suka doke Nevada 33 da 6, a 2024 suka doke Wyoming, dukansu 'yan FBS ne, a gidajensu. Kibbie Dome ya sake cika. Abin da ya fi burge ni shi ne, wasan Nuwamba ya koma yana da ma'ana, saboda akwai kofin da za a iya kai wa gare shi. A FBS ko mafarkin haka ba su yi.

Yanzu a koma ɗaya ƙarshen titin. Lokacin da gemun Idaho ke cin wuta, Washington State tana zaune cikin Pac-12, rukuni mai tarihin sama da shekara ɗari, ba ta ga dalilin shafa wa nata ruwa ba. A ranar 30 ga Yunin 2022 USC da UCLA suka ce sun tafi rukunin Big Ten, wanda ya ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 7 a shekara bakwai. Pac-12 ya shafe shekara guda yana neman mai saye, abin da ya samu shi ne tayin Apple na nunawa ta intanet, wanda bai gamsar da shugabannin ba. Colorado ta fice a ƙarshen Yulin 2023. A rana ɗaya, 4 ga Agusta, Oregon da Washington da Arizona da Arizona State da Utah suka bi. Stanford da California, da ke gaɓar tekun Pasifik, suka shiga rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Cikin goma sha biyu saura biyu, Washington State da Oregon State.

Ba don rashin iya wasa aka bar su ba. Washington State ta ci wasa 11 a 2018, Oregon State ta ci 10 a 2022, ta kuma kammala gyaran filinta na sama da dala miliyan 160 a daidai shekarar da rukunin ya rushe. Laifinsu shi ne garuruwansu ƙanana ne. Sun je kotu sun yi nasarar riƙe ragamar rukunin da dukiyarsa, amma kotu ba ta iya riƙe mutane. Kocin Oregon State, Jonathan Smith, wanda tsohon ɗalibinta ne, ya tafi Michigan State. Mai jagorantar harin Washington State, Cam Ward, ya bar Pullman zuwa Miami, daga can ya zama na farko da aka zaɓa zuwa NFL, babbar gasar ƙwararru, a 2025. Wanda ya gaje shi, John Mateer, ya yi kaka ɗaya ya wuce Oklahoma, koci Jake Dickert ya tafi Wake Forest. Oregon State ta fara kakar 2025 da shan kashi bakwai a jere ta kori kocinta.

Ba zan ce Washington State ta bi sawun Idaho ba, domin nauyin da ke kanta daban ne. Ta gina filaye da kuɗin talabijin da take zaton ba za su ƙafe ba, sashen wasanninta yana ɗauke da giɓin da ya kai wajen dala miliyan 100. Mai irin wannan bashi ba ya iya sauka ko yana so. Wannan ma shi ne abin tsoron: Idaho ta iya juyawa ne saboda ba ta yi nisa a cin bashin neman girma ba. Yanzu kuma farashin zama a sama ya ƙaru, tun da a Yunin 2025 kotu ta amince da sasancin da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekara. Biyan yaran daidai ne, an daɗe ana ci da guminsu. Amma ƙaramar jami'a da ba ta da kuɗin talabijin, daga aljihun wa za ta ciro? Daga kuɗin makarantar ɗalibin da bai taɓa leƙa filin wasa ba.

Abin da ya rage mini tausayin Washington State da Oregon State shi ne yadda suka sake gina gidansu. Sun juya kan Mountain West, rukunin da ya ba su wasanni a 2024 lokacin da ba su da abokin bugawa, suka zare masa Boise State da Colorado State da Fresno State da San Diego State da Utah State. Mountain West shi ma ya juya kan waɗanda ke ƙasa da shi, ya ɗauko UTEP ta El Paso, ya ɗauko Northern Illinois daga can tsakiyar ƙasa. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, har a kai ga wanda ba shi da na ƙasa. Turawa sun ga irin wannan tunani a Afrilun 2021 da ƙungiyoyi 12 suka so kafa Super League, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu shirin ya wargaje. A Amurka ba a samu wannan boren ba, domin magoya bayan kowace jami'a addu'arsu ita ce a gayyace su, ko da maƙwabci zai kwana a waje.

Idaho ba ta tsira gaba ɗaya ba. A Disamban 2024 Jami'ar New Mexico (ba New Mexico State ba) ta ɗauke koci Jason Eck, 'yan wasa da dama suka watse, aka koma gini daga tushe. A ranar 30 ga Agustan 2025 sabuwar tawagar ta hau mota ta yi tafiyar kilomita 13 ɗin nan zuwa Pullman, ba jirgi, ba tsallaka ƙasa. Washington State ce ta ci, 13 da 10, da bugun da ya shiga saura daƙiƙu kaɗan a tashi.