Ƙarƙashin harshe ba ya auna hawan jini

Ana ta yawo da wata magana, wai ka ɗaga harshenka a gaban madubi, in ka ga jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa sun kumbura sun yi shuɗi-shuɗi, wasu har da ƙulu-ƙulu kamar an jera duwatsun wuya, to kana da hawan jini. Wasu sun duba sun firgita. Wasu kuwa sun ga nasu sumul, suka yi hamdala suka ci gaba da harkokinsu. Wallahi waɗannan na biyun ne suka fi tayar min da hankali.

Maganar tana da ɗan tushe. A 2015 wasu masu bincike a Suwidin sun duba bakin mutanen da suka zo wajen likitan haƙori, suka kuma auna jininsu, sai suka ga hawan jini ya fi yawa a cikin masu wannan kumburi. To amma a lura, jijiyoyin nan suna saki ne yayin da shekaru ke ja, fatar wurin kuma siririya ce, komai a fili yake. Dattawa da yawa suna da su, masu shan taba ma haka. Shi ma hawan jini da shekaru yake tafiya, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da su a jikin mutum ɗaya. Sannan waɗanda kake gani a madubin nan masu mayar da jini zuwa zuciya ne, shi kuwa hawan jini a jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya ake auna shi. Iyakar abin da kumburin zai yi maka shi ne ya tuna maka ka je a gwada ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Cuta ce da sau da yawa ba ta zuwa da ciwon kai ko jiri, tana nan tana cin ƙoda da zuciya da ido, sai wata rana a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Mutumin da ke cikin wannan haɗari, ta yaya za a ce masa madubi ya wanke shi?

Awon nan fa bai da wuya. Ka zauna ka huta kamar minti 5, ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a ɗaura maka abin awo a damtse, ka yi shiru har a gama. In ya kai 140/90 ko ya wuce, a sake a wata rana daban kafin a yanke hukunci. In ya tabbata, a rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, a bar taba, a riƙa motsa jiki, magani kuma a sha yadda likita ya ce ko da mutum yana jin garau.

Su jijiyoyin kansu galibi ba su buƙatar magani, don Allah kada wani ya tsaga su ko ya soka musu allura da sunan fitar da mataccen jini. Amma in akwai ƙullutu mai tauri, ko zubar jini, ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, wannan likita ne zai duba shi, kuma da wuri.