Ranar da Alhaji ya bar mana canji

Kawuna yana da shagon shinkafa da sukari a babbar kasuwar Garwa, kuma littafin bashinsa ya fi shi ƙiba. Da na dawo hutu daga Ngaundere, na ce masa an daina yayin biro, zan haɗa masa 'yar manhaja da JavaScript, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ta riƙa lissafin a waya. Ya ce, "To ɗan boko, mu gani a ƙasa."

Ita JavaScript, duk abin da aka buga mata a gurbin rubutu, rubutu ne a wurinta, ko da lambobi ne zalla. Ka ba ta "5000" da "2500" ka ce ta haɗa, sai ta manna su. Haka wata Hajiya mai ƙosai ta wayi gari da bashin sefa 50002500. Salatin da ta rafka, har mahauta sai da suka leƙo.

Na ce Kawu ya kwantar da hankali, na saka parseInt, mai mayar da rubutu cikakkiyar lamba. Ashe shi ma da halinsa. Daga hagu yake karatu, da ya ci karo da abin da ba lamba ba sai ya tsaya, ya miƙo abin da ya samu, ko tari ba ya yi. Yaron shago kuwa bokon Faransanci ya yi, inda ake barin fili kafin sifilin dubu: 12 500. Gogan ya karanta 12, ya ga fili, ya yi zamansa. Da int() ne, takwaransa a yaren Python, da ya ƙi karɓa ya kwarma saƙon kuskure na ValueError kowa ya ji. Amma JavaScript, yaren da Brendan Eich ya ƙera cikin kwana 10 a 1995, kunya gare shi.

Sai ga wani Alhaji da Kawu ya yi wata da watanni yana bi bashin sefa 12 500. Yaro ya duba waya, ya ce, "Alhaji, sefa 12 ne." Alhaji bai ko ƙifta ido ba. Ya laluba aljihu, ya ajiye ƙwandalar 25, ya ce a riƙe canjin, ya kuma sa wa ilimin zamani albarka.

Da la'asar na goge filayen da replace, mai musanya rubutu, na ce yanzu kam an gama. Yaron ya buga dubu bakwai da ɗari biyar da ɗigo, 7.500, waya ta ce 7. Kawu ya zare ta daga hannuna, ya ce, "Je ka gidan Alhaji, kai da Faransancinka, kada ka dawo ba jaka goma sha biyu da rabi."