Acanjel a Teburin Mai Shayi

Alhaji Bakano: Kai Ɗan Boko, na ga wata doguwar mota a Sabon Gari an rubuta mata "Archangel" a goshi. Acanjel ɗin nan 'yan canji ne? Nawa suke sayen dala?

Ɗan Boko: Haba Alhaji, komai sai ka kai shi Wapa? Ba acanjel ba ne, arkenjel ake cewa. Babban mala'ika ke nan.

Alhaji Bakano: To ai jiya kai ka ce acibishof, da wannan rubutun dai.

Ɗan Boko: Wancan da "c", wannan da "k". Turanci ba ya riƙe alkawari. Daga Girkanci suka aro: "arki" shugaba, "angelos" ɗan aike.

Alhaji Bakano: Au, babban masinja!

Malam: A'uzu billahi! Alhaji, kama bakinka. Manzo ake cewa. Irin su Mala'ika Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu, amincin Allah ya tabbata a gare su.

Ɗan Boko: Haka ne, Allah gafarta Malam. 'Yan Katolika kuma Mika'ilu da Jibrilu da Rafayel suke lissafawa, har bikinsu suke yi duk 29 ga Satumba. Amma a Sabon Alkawari na Baibul sau 2 kacal kalmar ta fito, kuma Mika'ilu kaɗai aka kira da ita.

Malam: Sau 2? Shi ne har ta hau mota?

Ɗan Boko: Har gari ta zama. Akwai Arkangelsk a arewacin Rasha, ƙanƙara har gwiwa. Wani abin mamakin, tsofaffin malaman Kirista sun jera mala'iku daraja 9, arkenjel na 8 ne. Ɗaya kawai ya fi.

Alhaji Bakano: Ni dai "arkin" nan nake so. Daga yau a kira ni Arki-Alhaji.

Ɗan Boko: Yi a hankali. Turawa har babban maƙiyi suna liƙa masa ita.

Mai Shayi: To ai shi ke nan, ta dace. Arki-mai-cin-bashi, tun azumi kake shan kauri da ƙwai uku a littafi.

Alhaji Bakano: Ɗan Boko, yaya ake cewa "gobe" da Girkanci?

Mai Shayi: Ajiye kofin tukuna.