Yadda Na Lanƙwasa Ƙarfe a Jamus Ina Zaune a Dilimi

Shekara biyu ke nan ina wani aiki da har yau ba a samu mutum biyu a gidanmu na Unguwar Rogo a Jos da suka yarda a kan sunansa ba. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa fotokwafin ƙarfe nake yi. Ƙanwata tana cewa zane nake yi a kwamfuta Turawa suna biyana. Kawu kuwa, ƙanin Inna, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana walda a Dilimi, tun ranar farko ya yanke hukunci cewa ni ma mai walda ne, sai dai ina tsoron tartsatsi.

Ainihin maganar ita ce, wani abokina da muka yi jami'a tare yana karatun digiri na uku a Jamus, kuma a ɗakin bincikensu akwai na'urar da ke ƙera kayan ƙarfe daga gari. Ba sassaƙa take yi ba, ba kuma zubi ba. Wata wuƙa mai faɗi ce ke baza garin ƙarfe a kan faranti, shimfiɗa ɗaya mai kaurin maikiron 30, wadda gashin kai ma ya fi ta kauri, sannan hasken leza ya bi wuraren da ake so ya narkar da su, farantin ya ɗan sauka daidai kaurin shimfiɗar, a sake baza gari, a sake narkarwa, har abin da aka zana ya tashi a cikin garin. Duk wannan yana faruwa ne a cikin rufaffen akwati da aka cika da iskar agon, domin narkakken ƙarfe ba ya shiri da iskar da muke shaƙa. A cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke birnin Aachen na Jamus aka faro wannan dabara a 1995, ni kuma ban taɓa ganin na'urar ba sai ta waya.

Nawa aikin shi ne shata wa hasken hanya. Leza ba ta da ƙafa, wasu ƙananan madubai biyu ne ke karkatawa su jefa ɗigon hasken inda aka umarta, kuma ɗigon bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Saboda haka dole wani ya rubuta mata daga ina za ta fara, ina za ta tsaya, wace kusurwa za ta bi, da tazarar da za ta bari tsakanin layi da layi. Wanda ya taɓa yin huɗa da shanu ya riga ya san rabin aikin, domin kunyoyi ne ake jerawa, kuma kamar yadda shanu ke sassautawa a bakin gona kafin su juya, haka madubai ke rage gudu a ƙarshen layi, zafi ya taru a wurin ya haƙa ɗan rami a cikin ƙarfen, in ba a kashe hasken a lokacin juyawar ba.

A watan Disamba aka ba ni wani ɗan aiki da na ɗauka na yara ne: sandar gwaji ta ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L, tsawonta milimita 120, faɗinta 20, tsayinta 15. Wato shimfiɗa 500. Ƙarfin leza wat 200, gudunta milimita 800 a daƙiƙa, tazarar layuka milimita 0.1. In aka ja layukan a tsawon sandar, kowace shimfiɗa layi 200 ne, kuma da na lissafa duka sai na ga hasken zai yi tafiyar kilomita 12, kusan daga Taminus zuwa Bukuru, a kan abin da bai fi biro tsawo ba. Wannan lissafi ya burge ni har na faɗa wa mai shayi.

Na san ƙa'idar da kowa ya sani a wannan fanni. Tafkin narkakken ƙarfen ɗan mitsitsi ne, kuma yana hucewa da saurin dubban ɗaruruwan digiri a daƙiƙa guda. In ya huce sai ya tsuke, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa wanda ya riga ya daskare ya hana shi, sai ja-in-ja ta zauna a jikin abin, kuma jan ya fi ƙarfi a tsawon layin da hasken ya bi. Magani biyu aka saba yi. Ana gajarta layukan ta hanyar yanka shimfiɗar gida-gida, kuma ana juya kusurwar layukan daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Kamfanin EOS, mai ƙera irin waɗannan na'urori, ya shahara da juyawar digiri 67, kuma hikimarta a fili take: in ka juya da 90, bayan shimfiɗa biyu ka dawo inda ka fara, amma da 67 sai an yi shimfiɗa 180 kafin layuka su sake kwanciya yadda suka kwanta a farko. Ni da wayona sai na ce magani ɗaya ya isa. Na bar layukan dogaye don kada madubai su ɓata lokaci wajen tsalle-tsalle, na dogara da juyawar kaɗai, har ina hango yadda shugaban ɗakin binciken zai tambayi abokina ko wane ne wannan haziƙi na Jos.

Makon da zan miƙa aikin aka ɗauke wuta a unguwarmu kwana uku, sai na ɗauki kwamfutata na tafi shagon Kawu inda janareta ba ya hutawa. Na zauna a kan wata tsohuwar taya tsakanin get biyu da ba a yi wa fenti ba, hunturu yana ratsa rigar sanyina, yaran shago suna leƙe. Kawu ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya sunkuya ya daɗe yana kallon allon.

"Waɗannan kunyoyin fa, duk wuta ce za ta bi su?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"Daga wannan bakin har wancan bakin, ba tsayawa?"

Na ce ai abin da ya sa aikin zai yi sauri ke nan.

Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ƙarfe siriri ba a ja masa wuta tiryan-tiryan. A ɗiga nan, a tsallaka a ɗiga can, a bar wannan ya huce a dawo masa. In ka ja ta gaba ɗaya zai bankare maka."

Allah ya yafe mini irin murmushin da na yi a lokacin. Na ce, "Kawu, wannan ba get ba ne." Sannan na yi masa lacca a kan digiri 67, na kawo 180, na kawo EOS, na kawo Aachen, yaran shago suna ta gyaɗa kai kamar suna gaban mai tafsiri. Da na gama sai ya nuna allon da ɗan yatsansa mai baƙin mai ya ce shi dai duk layukan da yake gani gabas suka dosa, to ina juyawar take? Na ce wannan shimfiɗa ta farko ce, sauran suna ciki. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya," ya sauke gilashinsa. A gidanmu in Kawu ya kira mutum da muƙaminsa, ba girmamawa ba ce.

Shimfiɗa ta farkon nan ita kaɗai na taɓa dubawa. Ta yi kyau sosai, shi ya sa ban ga dalilin takura wa sauran 499 ba.

Ranar da za a kunna na'urar, ni da kaina na gayyaci jama'a. Na sayi fetur na janareta, na sa aka kawo shayi da burodi, na jingina waya a jikin gwangwanin fenti, abokina kuma ya manna tasa wayar a tagar na'urar muna kallo ta WhatsApp. A lokacin sanyi agogon Jamus da namu ɗaya ne, don haka bayan La'asar aka fara. Abin gwanin kyau. Ɗan haske yana zirga-zirga a kan toka-tokan gari, tartsatsi yana tashi iska tana kwashe shi gefe, sai wuƙa ta wuce ta lulluɓe komai, hasken ya dawo. Kowace shimfiɗa kamar daƙiƙa 40. Wani mai gyaran radiyeta da ke maƙwabtaka ya shigo ya ce shi bai ga mutumin da ke riƙe da wayar waldar ba, na ce babu kowa, ni ne nake riƙe da ita daga nan. Na faɗi haka ne da ƙarfi don Kawu ya ji.

Muna dawowa daga sallar Magariba na tarar abokina yana ta kiran sunana. Ya ce in duba bakunan sandar biyu. Bayan wuƙa ta wuce, ya kamata gari ya rufe ko'ina, amma ga wasu wurare biyu suna ƙyalli, tsirarar ƙarfe ta leƙo sama. Na ce wataƙila hasken fitila ne. Shimfiɗa ta gaba ƙyallin ya ƙaru. Na ce wataƙila kyamarar ce. A shimfiɗa ta 212 wuƙar ta taho da saurinta ta yi karo da bakin sandar, muka ji ƙwas har a Dilimi, na'urar ta tsaya cak, jan rubutu ya bayyana a allonta, shagon ya yi tsit in ban da janaretan da na saya wa fetur.

Da aka buɗe aka share garin, sai ga sandata ta fizge daga matokaran da suka riƙe ta a kan faranti, bakunanta biyu sun ɗaga sama kamar busasshiyar ganda. Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa yadda masu shekaru ke yi, ya duba da kyau, ya miƙo mini.

"Ya bankare," in ji shi. Ya ɗauki burodinsa ya ci gaba da ci.

Daren nan ban yi barci ba, ina neman mai laifi. Na fara da garin, na ce ya sha danshi. Na koma kan iskar agon, na ce ta yi ƙaranci. Na zargi farantin da rashin ɗumi, na zargi matokarai, har na fara shirya wata magana mai ladabi da za ta nuna cewa abokina ne bai daidaita wuƙar ba. Shi kuwa bawan Allah ya turo mini duk bayanan da na'urar ta adana, kuma babu wanda ya kauce ko kaɗan. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wajen ƙarfe biyu na dare na buɗe shimfiɗa ta 2, na ga layuka sun dosa gabas. Na buɗe ta 100, gabas. Ta 212, gabas, kamar sahun masallacin Juma'a.

A harshen Python da nake rubuta manhajar, in kana so a ƙara 67 a kan kusurwa kuma a riƙe sabon adadin, sai ka sa alamar tarawa da alamar daidai a jere. Ni alamar tarawa kaɗai na sa. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta ban yi kuskure ba. Sau 500 tana tara sifiri da 67, tana samun 67, tana zubar da amsar, tana komawa kan sifiri. Kamar ka aiki yaro Farin Gada ya tambayo kuɗin tumatir ba ka ce ya sayo ba, ya je ya dawo sau 500, kowace tafiya da amsa daidai, miya kuwa ba a ɗora ba. Sakamakon haka layuka dubu arba'in da 'yan kai, kowanne milimita 120, suka kwanta a kan juna suna ja wuri guda, kuma digiri 67 ɗin da na yi wa mutane lacca a kansa bai taɓa barin bakina ya shiga na'urar ba.

Da safe na koma shagon, na gaishe da Kawu gaisuwa mai tsawo fiye da ta kullum, na tambaye shi yadda yake yi in falle ya yi siriri. Bai yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ya ɗauki alli ya zana gida-gida a jikin wani falle kamar fangalin lambu, ya sa 1 a wannan lungu, 2 a can nesa, 3 a tsakiya. Na tsaya ina kallon tsarin tsibirai na wani kamfanin ƙera irin na'urar nan, Concept Laser, mai murabba'ai na milimita 5 da ake narkarwa a warwatse, an zana shi da alli a Dilimi. Ya ƙara da cewa in lura da inda iska ke kaɗawa, kada tartsatsi ya zuba inda ban riga na yi aiki ba. Wannan ma yana cikin takardun da na karanta: ana fara narkarwa daga gefen da iskar agon ke fita, a nufi inda take shigowa.

A gaskiya ban ɗauki fangalin ba. A ganina gidajen sun yi yawa ga sanda ƙarama irin wannan, kuma kowace mahaɗa tsakanin gida da gida wuri ne da ɗan rami zai iya ɓuya. Na yanka shimfiɗar zuwa ɗauri-ɗauri masu faɗin milimita 5, na mayar da alamar da ta ɓata, na duba shimfiɗa 500 ɗaya bayan ɗaya har idanuna suka yi ja. A watan Janairu sandar ta fito a miƙe. Kuɗin sabuwar wuƙa an cire shi daga haƙƙina, Kawu kuma na gaya masa cewa zanensa aka bi, ya ce ai ya sani, sannan ya tambayi nawa Turawa ke biyan mai ba da shawara.

Makon jiya na biya ta shagon don in yi cajin waya, na tarar yana yi wa wani sabon yaro faɗa a gaban ƙofar ƙarfe da ta ɗan karkace. "Wa ya ce ka ja mata wuta tiryan-tiryan? So kake ƙofar mutane ta tafi Jamus?" Sauran yaran suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Sabon yaron bai san ni ba. Da Kawu ya shiga ciki sai ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya tambaye ni ko na san abin da ya faru a Jamus, domin tun zuwansa yake jin maganar kuma ba wanda ya yarda ya gaya masa.