Wai lambar mujalla ce za ta faɗa mana darajar bincike?

Ni dai har yanzu na kasa gane yadda kwamitin ƙarin girma a jami'a zai zauna kan takardun malami, maimakon a buɗe makalar a karanta sai a leƙa imfak fakto na mujallar da ta buga ta, wato lambar da ke nuna yawan yadda wasu masu bincike ke ambaton makalun mujallar a nasu rubutun, in lambar ta yi sama shikenan an gama magana.

Shi kansa Eugene Garfield da ya kawo tunanin ƙirga ambato tun 1955 ba don auna mutane ya yi abin ba, mujallun da za su shiga kundinsa na ambaton makaloli yake son tantancewa, daga baya masu laburare suka riƙa amfani da shi wajen zaɓen wadda za su saya. Lissafin ma ba wani wahala, a ƙirga sau nawa a cikin shekara guda aka ambaci makalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabace ta, a raba da yawan makalun. Matsakaici ne kawai fa.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai mujallar Acta Crystallographica A, lambarta wajen 2 take, sai kwatsam a lissafin 2009 ta yi tsalle ta kusa 50, ba don komai ba sai makala guda ɗaya tak ta George Sheldrick kan manhajar SHELX da masu binciken kiristal suka yi ta ambata. Sauran da suka buga a ciki ko wasali ba su ƙara a aikinsu ba, albarkacin kaza ne kawai ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Sannan fannoni ba ɗaya ba ne, masanin lissafi sai aikinsa ya yi shekaru kafin a fara waiwayarsa, shi kuwa mai binciken ƙwayoyin halitta kafin shekara ta zagayo an ambace shi sau da yawa, ta yaya za ka ɗora su a sikeli ɗaya? Ga kuma wayo, wani edita sai ya ce ka ambaci makalun mujallarsa kafin ya karɓi taka, a 2013 ma an dakatar da wasu mujallun Brazil daga jerin masu imfak fakto saboda ambaton juna da suka riƙa yi.

Ban ce a jefar da lambar ba, tana da amfani in mujalla ake kwatantawa da mujalla a fanni ɗaya. Amma tun 2012 masana suka tsara sanarwar DORA a San Francisco suna cewa a daina auna mutum da ita, jami'o'i da dama sun sa hannu, kuma har gobe wasu in ka duba fom ɗin neman farfesa za ka tarar gurbin lambar na nan daram.