Neman alƙibla a garin da ba a sa wando

Tunda Badamagaren nan ya riga ya baza labarin abin da ya same ni a Faransa, har ya ƙara masa gishiri da yaji, bari in faɗa da bakina.

Lokacin dogon hutu ne, aljihu wayam, ya ce ya samo mini aikin wata biyu a wani sansanin masu hutu a yankin Medok, bakin tekun Atlantika, arewa da Bordo. Ya ce wurin "naturist" ne. Ni da na sha Faransanci tun firamare a Maraɗi, ina jin "natir" na ce to, itatuwa ne da tsuntsaye, har maganin sauro na saya. Jirgin ƙasa zuwa Lesfar, bas, sai ga ni a ƙofa. Mutumin farko da ya gaishe ni yana kan keke, da dogon burodi a hammata da hula a ka. Iyakar abin da ke jikinsa ke nan. Na ce innalillahi, ashe har a Faransa akwai tsohon mahaukaci. Sai na biyu ya wuce, sai na uku da matarsa suna musu a kan farashin tumatir. Kafin in kai ofis na gane cewa a garin nan ni ne mahaukacin.

Kuɗin komawa babu. Matar ofis, wadda Allah ya taimake ni tana cikin kayan aiki, ta ce ma'aikata suna nan da rigarsu da wandonsu, ba mai taɓa ni. Ta miƙo mini takardar dokoki. Wallahi mutanen da suka yar da wando sun fi barikin soja doka. Ta farko, wadda suka riƙe kamar farilla, ita ce tawul: duk inda za ka, yana kafaɗarka, ba ka ɗora jikinka a kujera ko benci sai ka shimfiɗa shi. Ba a ƙura wa mutum ido, in za ka yi magana da shi fuskarsa za ka duba. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Kafin a shiga wurin ninƙaya sai an watsa ruwa, kuma can ko ɗan kamfai ba a yarda da shi ba, amma in sanyi ya sauko ko ana ruwa kowa na iya rufa jikinsa. Mota tafiyar hawainiya take yi. Ƙarfe 11 na dare tsit. Wutar gawayi kuwa haramun, don sansanin yana tsakiyar dajin itatuwan nan masu ganye kamar allura, kuma ba wanda ya manta gobarar 2022 da ta cinye daji a Landiras da La Test. Mu masu sa kaya sunanmu a bakinsu "tekstil", wato yadi. Ni da kakana ya tsufa yana auna atamfa a kasuwa, ban ji haushin wannan ba sosai.

Aikina tura baro, in kai tukwanen gas daga tanti zuwa tanti. Malaminmu na allo ya koya mana runtse ido, amma bai faɗa mana yadda ake yi da baro a hannu ba. Ƙasa ba ta dubuwa, gaba ba ta dubuwa, sai na koma kallon sama. Kwana uku wuyana ya sandare, na haddace duk reshen da ke sansanin.

Sai tsohon Bajamushen. Allah ya isa tsakanina da shi. Dogo, ja kamar gauta, da agogo, da tabarau, da takalmin sandal, da farar safa har ƙwauri. Safar nan ita ta fi ci mini rai. Bawan Allah, ka yafe riga, ka yafe wando, me safa ta yi maka da ba za ka rabu da ita ba? Ba ma'aikaci ba ne, ba kowa ba ne, shekara talatin kawai yake zuwa, sai ya naɗa kansa sarkin doka. Duk safiya sai ya tare ni da tarihi: wai a Montalibe, nan kusa, aka buɗe babban sansani irin wannan a 1950, a nan kuma aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1953, amma su Jamusawa sun riga kowa, suna ce wa abin FKK. Ni dai ina tsaye ina "to, Mushe", "haka ne, Mushe", wato "malam" da Faransanci, idona a kan reshe. Kun san abin da mushe yake nufi a wurinmu, wannan kaɗai ke sanyaya mini zuciya.

Rana ta huɗu, la'asar ta yi, wajen ƙarfe shida, don can a watan Yuli magariba sai kusan goma na dare. An sauya mini wurin aiki, na rasa gabas. Na samu wani lungu bayan ɗakin ajiya, na rataya darduma a kafaɗa, na fito da waya na buɗe manhajar alƙibla. Kun san halinta, sai ta ce ka jujjuya wayar kafin allurar ta daidaita. Na ɗaga hannu, na jujjuya, na bi allura a hankali, ina juyawa, ina juyawa, har ta tsaya cak. Na ɗago kai. Alƙibla ta faɗa daidai kan wurin ninƙaya, inda tsofaffi kusan ashirin ke motsa jiki cikin ruwa, ni kuma ga ni a bayan shinge, a ɓoye, da waya a miƙe tana kallonsu.

Usur na fara ji. Wata tsohuwa ta nuna ni da yatsa tana "Foto! Foto!" Kiɗa ya tsaya. Masu wasan petank, irin wanda tsofaffin ma'aikata ke yi a Yamai, suka taho da ƙwallayen ƙarfensu a hannu. Jama'a, an taɓa zagaye ku? To ni an zagaye ni, kuma a duk taron ni kaɗai ke da aljihu. Ina son in kare kaina, amma mai gaskiya ido yake haɗawa da mutane, ni kuwa sama nake kallo ina rantsuwa, da Hausa ma, don Faransancin ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne "La Mek! La Mek!", wato Makka. Wani ya ce wa yake kira? Tsohuwar ta ce in buɗe hotuna. Na buɗe hannu na rawa. Hoton farko ragon layyar gidanmu, na biyu ragon ta gefe, na uku takardar jarrabawar da na faɗi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a nutse, har da faɗaɗa makin da yatsa biyu. Hoto goma sha huɗu ta wuce kafin ta haƙura.

Sai ga mai safa ya ratso taron. Na ce shi ke nan, kora ta zo. Ya karɓi wayar, ya ga allura da hoton Ka'aba, ya yi wa jama'a bayani tiryan-tiryan, har da cewa ya taɓa zuwa Istanbul. Aka fashe da dariya, aka shiga ba ni haƙuri, kowa na son mu gaisa hannu da hannu. Tsohuwar ta buɗe hannuwa za ta rungume ni, na yi baya na ci karo da baro, tukunyar gas ta gangara har bakin ruwa. Shi kuma ya dubi dardumar da ke kafaɗata ya gyaɗa kai, ya ce madalla, sai yau yaron nan ya fahimci dokar tawul.

Ban gyara masa ba. Daga ranar ya ɗauke ni ɗan gida, tarihin safe ya ninka, har ya ja mini layi da alli a ɗakin ajiya wai ga alƙibla, ya auna da nasa kamfas. Abin haushin, layin daidai yake. Ofis kuma suka manna mini wata 'yar jar takarda a idon kyamara.

Inna ta yi ta cewa in kira ta da bidiyo ta ga wurin aikina, na ce mata kyamarar ta lalace. Badamagaren har yau yana rantsuwa shi ma itatuwa ya zata, alhali ya yi aiki can bara waccan. Maganin sauron dai ya yi amfani, har na sammi mai safa, ya fi ni wurin shafawa.